Bututun gas na AKK: Irin Turancin da matasan Kura da Bunkure ke buƙata kafin iskar ta iso

A ranar 30 ga Yunin 2020 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta a Jihar Kogi, ya bi ta Abuja da Kaduna, ya ƙare a Kano. Wannan shi ne aikin da aka fi sani da AKK. Tsawon bututun kilomita 614 ne, faɗin bakinsa kuwa inci 40, wato ya ɗan haura mita guda.

An ɗage ranar kammala aikin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma a shekarar 2025 Kamfanin Mai na Ƙasa, NNPC, ya sanar da cewa an yi nasarar ratsa bututun ta ƙarƙashin Kogin Neja, wanda shi ne gaɓar da ta fi kowace wuya a aikin.

Bututun ya nufo Kano ne daga ɓangaren Zariya, shiyyar da ƙasar noman rani ta Kura da Garun Malam da Bunkure take. Tambayar da ta kamata mutanen wannan yanki su yi wa kansu ita ce: idan iskar ta fara gudana, mene ne rabon 'ya'yansu? Gadi da leburanci, ko kuwa aikin hannu mai daraja da albashi mai kauri?

Amsar tana rataye da abubuwa da yawa, amma akwai guda da ba a cika ambatonsa ba, shi ne harshen da ake yin aikin da shi.

Abin da ya sa aikin ke magana da Turanci

Harkar mai ta zamani ta samo asali ne daga Amurka. A 1859 Edwin Drake ya haƙa rijiyar mai a Titusville da ke Jihar Pennsylvania, kuma a 1865 aka shimfiɗa bututun mai na farko da ya yi aiki sosai a wannan yanki, mai tsawon kusan mil biyar. Tun daga nan ma'aunai da sunayen kayan aiki da ƙa'idojin sana'ar suka ginu a kan Turanci. Ganga guda ta ɗanyen mai da ake ji kullum a labarai, mai cin lita 159, gadon wancan zamani ce.

Har yau littattafan ƙa'ida da injiniyoyi ke bi a Najeriya daga can suka fito. Akwai API 5L da ke fayyace ingancin ƙarfen bututu, da API 1104 da ke tsara yadda ake waldar sa, da ASME B31.8 da ya shafi tsara bututun gas da kula da shi. Ko ɗan kwangilar daga Chaina ya zo, ko daga Fatakwal, a waɗannan takardu ake haɗuwa. A aikin AKK ma haka ne: kamfanin Oilserv ne ke riƙe da rabin kudu, yayin da haɗakar Brentex da wani kamfanin ƙasar Chaina, CPP, ke riƙe da ɓangaren da ya ƙaraso Kano. Bahaushe da Inyamuri da mutumin Chaina suna tsaye a bakin rami ɗaya, kuma harshen da ya haɗa su shi ne Turancin aikin.

Sai dai wannan Turanci ba shi ne na jarrabawar WAEC ba. Mutum zai iya cin darasin Turanci da kyakkyawan sakamako, ya je wurin aikin bututu ya kasa gane umarni guda. Wani kuma da bai iya doguwar hira da Turanci ba, yana iya karanta takardar walda tsaf, domin ya san kalmomi ɗari biyu ko uku da sana'arsa ke juyawa a kansu. Wannan albishir ne ga mai son koyo, domin yana nufin ba teku aka ce ya shanye ba.

Manomin rani ya riga ya san rabin darasin

Duk wanda ya tashi a Bunkure ko Kura ya buɗi ido ya ga ruwa yana tafiya bisa tsari. Ruwan yana tasowa daga Madatsar Tiga da aka gina a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, ya bi babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya isa bakin gonar shinkafa ko tumatir. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da wannan tsari.

Bututun gas ma haka yake, sai dai shi a rufe yake, kuma abin da ke cikinsa yana kamawa da wuta. Babban kanal shi ne babban layin bututu. Ƙananan magudanan da ke kai ruwa gonaki su ne rassan da za su kai gas masana'antu da tashoshin lantarki. Ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa a saki ruwa ko a sauke a tare shi, ita ce bawul. A kan dogon bututu ana kafa tashoshin bawul jefi-jefi, domin idan wani sashe ya samu matsala a rufe shi ta gaba da baya, kamar yadda ake tare ruwa idan kanal ya ɓalle. Injin ban ruwa kuwa ɗan'uwan kwamfuresa ne, na'urar da ke matsa iskar ta ƙara mata ƙarfin tafiya.

Hatta kalmomin nan biyu da suka mamaye harkar mai, “upstream” da “downstream”, daga bakin kogi aka aro su. Ta farko tana nufin ɓangaren da ruwa ke fitowa, ta biyu ɓangaren da yake gangarawa. Manomin da gonarsa ke ƙarshen kanal, wanda sai na sama sun ƙoshi ruwa ke isowa gare shi, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A harkar mai, ta farko tana nufin haƙowa, ta biyu tacewa da sayarwa. A bakin bututu kuma suna nuna gefen da gas ke shigowa bawul da gefen da yake fita. Wanda ya juya su ya rufe gefen da bai kamata ba, ya jefa abokan aikinsa cikin haɗari.

Saboda haka malamin da zai koyar da wannan Turanci a yankin, bai kamata ya fara daga allo ba. Ya fara daga bakin kanal, ya ɗora sabon suna a kan abin da ɗalibi ya riga ya sani.

Kalmomin da ke yaudara

Babban tarkon Turancin aiki ba dogayen kalmomi ba ne. Ƙananan nan ne da mutum ke zaton ya san su tun daga firamare.

Ɗauki kalmar “pig”. Kowane ɗan makaranta zai ce alade ne. A aikin bututu kuwa, na'ura ce da ake cusawa ciki, ƙarfin iskar ya tura ta tana share datti. Akwai mai ɗauke da na'urorin auna kaurin ƙarfe, wadda ke gano inda tsatsa ta fara ci tun kafin ya kai ga yoyo. Haka nan “Christmas tree” ba bishiyar bikin Kirsimeti ba ce, tarin bawuloli ne da ake ɗorawa a bakin rijiyar mai. Idan aka ce gas “sour” ne, ba tsami ake nufi ba, ana nufin yana ɗauke da wata iska mai guba, H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce alhali tana nan.

“Hot work” ba aiki cikin zafin rana ba ne. Duk aikin da zai iya fitar da tartsatsi ne, kamar walda ko yankan ƙarfe ko gurza shi, kuma ba a fara shi sai da takardar izini ta musamman da gwajin iskar wurin.

Wadda ta fi duka haɗari ita ce “inflammable”. Wanda ya koyi cewa ɗafa “in” a gaban kalma yana juya ma'anarta, zai ɗauka ana nufin abin da ba ya kama wuta. Alhali ma'anarta ɗaya da “flammable”, wato mai saurin kamawa. Kishiyarsu ita ce “non-flammable”.

Akwai kuma ƙananan kalmomi uku da littattafan ƙa'ida ke tsayawa a kansu. Idan aka rubuta “shall”, wajibi ne, babu zaɓi. Idan aka rubuta “should”, shawara ce mai ƙarfi, ana son a bi. Idan aka rubuta “may”, an ba da dama, a yi ko a bari. Wanda ya yi karatun zaure ya san tazarar da ke tsakanin farilla da mustahabbi, kuma kusan irin wannan tazara ce. Sufeto yana iya sa a yanke waldar yini guda a sake, saboda an ɗauki wajibi a matsayin shawara.

Allunan gargaɗi ma suna da matakai. A tsarin da kamfanoni da yawa ke bi, jan allo mai “Danger” yana nufin abin da zai kashe ko ya yi mummunan rauni idan ba a kauce ba. Mai ruwan lemo da “Warning” yana biye da shi, sai mai ruwan ɗorawa da “Caution” ga haɗarin da bai kai waɗancan ba.

Lamba ma harshe ce

Rabin Turancin bututu lambobi ne da gajerun haruffa. Ana auna faɗin bututu da inci, tsawonsa da kilomita, ƙarfin matsin iskar da psi ko bar. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, bar ɗaya kuma kusan psi 14.5. Domin a gane girman abin, iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce psi 30 zuwa 35 ba, amma manyan bututun gas kan ɗauki matsin da ya kai psi 1,000 ko ya zarce. Wanda ya karanta 70 a jikin ma'auni yana zaton psi ne, alhali bar ne, ya raina matsin da ya ninka tunaninsa fiye da sau goma sha huɗu.

Irin wannan kuskure ba na ƙananan ma'aikata kaɗai ba ne. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin Ingilishi, wani kuma da ma'aunin mita.

Mai walda da ke son shiga wannan aiki dole ya iya karanta takardar da ake kira WPS. Ita ce ke faɗin irin sandar walda da za a yi amfani da ita, da ƙarfin wutar inji, da zafin da za a fara gasa ƙarfen da shi, da yawan zagayen da za a yi. Zai kuma ji ana maganar 6G, gwajin da ake kafe bututu a karkace bisa kusurwa 45, mai walda ya zagaye shi ba tare da an juya masa ba. Bayan an gama, ana haska mahaɗar da na'urar ɗaukar hoto irin ta asibiti, ko a bi ta da na'urar sauti, a ga ko akwai rami ko tsaga a ciki. Daga ƙarshe a cika bututun da ruwa, a matsa shi fiye da yadda gas zai matsa shi, a bar shi na sa'o'i a ga ko zai riƙe.

A garuruwan Kura da Bunkure akwai masu walda da ke gyaran garmar tarakta da injin casar shinkafa, waɗanda hannunsu ya faɗa. Abin da ke raba su da mai waldar bututu ba basira ba ce. Horo ne, da takardar shaida, da iya karanta waccan takarda.

Akwai kuma gajerun sunaye uku da ya kamata kowa ya bambance, ko da ba ya neman aiki. LPG shi ne gas ɗin girki na tukunya, ya fi iska nauyi, don haka idan ya tsiyaye yakan kwanta a ƙasa ya taru a rami ko ɗaki. CNG iskar gas ce da aka matse ƙwarai domin motoci, kuma tukunyarta daban ce. LNG kuwa ita ce wadda aka sanyaya har digiri 162 ƙasa da sifiri ta zama ruwa, irin wadda ake lodawa a jiragen ruwa daga Bonny. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da dama a Kano da Jigawa sun mayar da injinan ban ruwansu masu amfani da gas ɗin girki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa waɗannan haruffa sun riga sun shigo gona.

Takardar da ke tsare rai

A wuraren aikin mai da gas, ba a taɓa wani abu mai haɗari sai da takardar izinin aiki. Tana bayyana aikin da za a yi, da wurin, da bawulolin da aka rufe aka sa musu kwaɗo, da wanda ya ba da izini, da lokacin da izinin zai ƙare. Kowace safiya kuma shugaban ayari yakan tara mutanensa na 'yan mintuna ya bayyana haɗurran aikin ranar.

Tarihi ya nuna abin da kan biyo bayan sakaci da wannan takarda. A daren 6 ga Yulin 1988, dandamalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, kusa da gaɓar Sikotland, ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Bincike ya gano cewa ma'aikatan rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo domin gyara, amma bayanin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba, suka kunna famfon. Waɗannan mutane Turanci ne harshensu. Idan saƙo zai iya ɓacewa tsakaninsu, ina ga wanda ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, don kunyar a ce bai iya ba?

Shi ya sa darasi na farko ga mai koyo ba kalma ba ce, ɗabi'a ce: idan ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Idan an ba ka umarni ta rediyon hannu, ka maimaita shi da bakinka domin mai ba da umarnin ya tabbatar. A wannan sana'a, mai tambaya ba ya ɓata.

Manomi ma yana da ruwa a ciki

Ba masu neman aiki kaɗai abin ya shafa ba. Duk inda bututu ya bi, ana keɓe wani zirin fili da ake kira “right of way”, wato hurumin bututu. Ba a gini a kansa, ba a haƙa rijiya ko rami, ba a dasa itatuwa masu zurfin saiwa. A yankin da manoma ke haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse a fadama, kuma masu tifa ke ɗibar yashi da ƙasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Iskar da ke cikin babban bututu sau da yawa ba ta da wari, domin warin da aka sani a gas ɗin girki ƙara masa ake yi da gangan. Alamomin yoyo su ne ƙara kamar huci, ko ƙura tana tashi daga ƙasa, ko kumfa a cikin ruwa, ko shuka ta bushe a wuri guda ba dalili. Wanda ya ga haka ya nisanci wurin, kada ya kunna ashana ko inji, ya sanar da hukuma.

Najeriya ta sha ganin sakamakon kusantar mai da ya zuba. A Jesse ta Jihar Delta, fashewar bututu a watan Oktoban 1998 ta hallaka mutum fiye da 1,000. A nan kusa, a Majiya ta Jihar Jigawa, gobarar tankar mai a watan Oktoban 2024 ta ci rayuka fiye da 150.

Takardun ƙiyasta amfanin gona da biyan diyya ma da Turanci ake rubuta su, bisa Dokar Bututun Mai ta 1956 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ƙauyen da ke da matashi ko biyu da za su iya karanta irin waɗannan takardu su fassara wa dattawa, ya fi ƙarfin a yi masa rufa-rufa.

Ta ina za a fara?

Doka tana bayan ɗan ƙasa. Dokar bunƙasa hannun 'yan Najeriya a harkar mai da gas ta 2010, wadda ta kafa hukumar NCDMB, ta tanadi cewa ƙananan muƙamai da matsakaita na 'yan Najeriya ne. Amma doka ƙofa kawai take buɗewa, ba ta ɗaukar mutum ta shigar da shi.

Ga mai son zurfafa karatu, akwai Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur ta PTI da ke Effurun a Jihar Delta, da tallafin karatu na asusun PTDF. A gida kuma akwai sassan injiniyanci na Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano.

Wanda bai samu wannan dama ba, yana iya farawa da littafin rubutu na aljihu. Ya raba shafi uku: kalmar Turanci, ma'anarta da Hausa, da zanen abin. Ya fara da abin da ke hannunsa, kamar rubutun da ke jikin injin ban ruwa, da kwalin sandar walda, da tukunyar gas. Kalma biyar a rana ta haura 1,800 a shekara, adadin da ya zarce abin da yawancin sana'o'in hannu ke buƙata. Ya riƙa sauraron bidiyon masu sana'ar a wayarsa domin kunnensa ya saba da furucin, ya kuma koyi rubuta rahoto na layi uku: me ya faru, a ina, da ƙarfe nawa. Masana'antar jiragen sama ta daɗe da gane cewa gajeriyar jimla ita ce mai tsare rai, shi ya sa tun a shekarun 1980 ta tsara sauƙaƙƙen Turanci na littattafan gyara, inda kowace kalma ke da ma'ana guda.

Akwai kuma nauyin da ke kan hukumomi. Ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam za su iya shirya azuzuwan yamma ga masu walda da kanikawa. Masana harshe a Jami'ar Bayero, tare da injiniyoyi, za su iya fitar da ƙaramin ƙamus na kalmomin gas da Hausa. Kamfanonin da ke kula da bututun su rubuta allunan gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, gefe da gefe da Turanci. Gidajen rediyon Kano kuma su ware lokaci su wayar da kan manoma.

Aikin gini zai ƙare, manyan injina za su koma inda suka fito. Amma bututu yakan yi shekaru da dama yana aiki, kuma duk tsawon wannan lokaci yana buƙatar masu sintiri a kan huruminsa, da masu kula da bawul, da masu auna tsatsa, da masu haɗa rassa zuwa masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Ana kuma fatan wata rana ya zama wani ɓangare na bututun da zai ratsa Sahara ta Nijar zuwa Aljeriya, wanda ƙasashen uku suka sanya hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna a kansa a 2022.

Lokacin da ruwan Tiga ya iso wannan yanki shekaru hamsin da suka wuce, waɗanda suka yi saurin koyon yadda ake sarrafa shi su ne suka mayar da Kura cibiyar shinkafa. Yanzu ga wani abu kuma yana tafe ta ƙarƙashin ƙasa, kuma waɗanda suka fara koyon harshensa tun yau su ne za a kira idan an tashi ɗaukar ma'aikata.